Samaniyar da Ake Lissafawa: Tarihin Stellarium da 'Yan'uwanta

Duk wanda ya buɗe manhajar Stellarium a kwamfuta, ya zaɓi garinsu, ya sa kwanan wata da sa'a, sama za ta shimfiɗu a gabansa yadda take a wannan lokaci: ga wata a gurbinsa, ga Zara ta sunkuya yamma, ga Kaza da 'Ya'yanta sun dunƙule wuri guda. In ya tura agogo gaba, rana ta faɗi, jan shafaƙi ya gushe, taurari su riƙa fitowa, manya kafin ƙanana. In ya mai da shi baya zuwa hantsin 29 ga Maris, 2006, ya tsaya a Gusau, zai ga wata ya shiga gaban rana ya rufe ta ruf, kamar yadda mutanen garin suka gani da idonsu a wannan yini.

Babu kyamarar da ta ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowane ɗigon haske da ke kan allon sakamakon lissafi ne da kwamfutar ta yi nan take, daga alƙaluman da wani ya taɓa aunawa da ƙa'idojin da wani ya taɓa rubutawa. To alƙaluman wa, ƙa'idar wa, kuma wa ke da ikon dubawa ya ce an yi kuskure? A kan wannan tambaya tarihin buɗaɗɗun manhajojin falaki ya ginu, wato waɗanda rubutun umarninsu ke a fili ga kowa, kuma ya faro tun ba a san wata aba wai ita kwamfuta ba.

Gadon jadawali

Wajen shekara ta 150 Miladiyya, Baɗlimus na birnin Iskandariyya ya rubuta littafin da Larabawa suka kira Almajisɗi. A ciki ya jera taurari fiye da 1,000 cikin gungu 48, kowanne da matsayinsa da gwargwadon haskensa. Bayan shekara ɗari takwas, a 964, Abdurrahman as-Sufi, masanin falaki na ƙasar Farisa, ya ɗauki wannan jadawali ya sake dubawa. Bai yar da shi ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara digiri 12 da daƙiƙa 42 a kan matsayin kowane tauraro, domin sama ta gusa daga inda Baɗlimus ya bar ta. Yau an san dalili: duniya tana layi a kan sandar juyawarta kamar katantanwar da ta fara gajiya, kuma zagaye ɗaya na wannan layi yana cin kimanin shekara 26,000. As-Sufi ya kuma sake kimanta hasken taurarin da idonsa, ya gyara inda ya ga magabacinsa bai dace ba. Ya zana kowane gungu sau biyu, ɗaya yadda ake ganinsa a sama, ɗaya yadda yake a jikin dunƙulen tagulla na taswirar taurari, domin mai koyo kada ya rikice. A littafinsa ne aka fara rubuta labarin wani ɗan gajimaren haske da ba ya gushewa, wanda yanzu ake kira Andromeda.

A 1437 Ulugh Beg, sarkin Samarƙand, ya fitar da nasa jadawali mai taurari 1,018. Shi da mutanensa sun sake auna kusan dukkansu, sai 27 da suka yi kudu da yawa, ba a hango su daga Samarƙand. Waɗannan ya kwafo su daga as-Sufi, ya kuma faɗi cewa ya kwafo. Al'adar ke nan: ka karɓi aikin wanda ya riga ka, ka nuna inda ka gyara, ka miƙa gaba. Sawunta yana nan a sunayen da ke bayyana a allon Stellarium har yau. Aldebaran dai ad-Dabaran ne, Altair daga aɗ-Ɗa'ir, Vega kuwa al-Waƙi' ne da bakin Turawa ya tauna.

Jadawali sai mai ilimi ke iya karanta shi. Don haka aka daɗe ana neman abin da zai nuna sama ga ido kai tsaye. Usturlabi, farantin tagullan nan da masu ƙididdige lokutan salla suka yi amfani da shi ƙarni bayan ƙarni, shi ne tsohon misali: a juya faifansa, ya nuna wane tauraro ke fitowa, wane ke faɗuwa. Babban tsalle ya zo a 1923, lokacin da Walther Bauersfeld na kamfanin Zeiss a garin Jena na Jamus ya ƙera na'urar da ke haska taurari kimanin 4,500 a cikin kubba mai duhu. An buɗe ta ga jama'a a gidan tarihin kimiyya na Munich a watan Mayun 1925. Abin ya burge duniya, sai dai yana bukatar gini na musamman da kuɗin da birni mai arziki kaɗai ke iya fitarwa. Mafi yawan mutanen duniya sun rayu sun mutu ba su taɓa shiga irin wannan ɗaki ba.

Alƙaluma a fili, kayan aiki a kulle

Abubuwa uku suka taru a ƙarshen ƙarni na 20 kafin a iya sa kubbar Zeiss cikin kwamfutar ɗalibi.

Na farko hanyoyin lissafi ne. Jean Meeus, ɗan ƙasar Beljiyam wanda sana'arsa hasashen yanayi ce a filin jirgin saman Brussels, ya kwashe shekaru yana tace ƙa'idojin falaki yana mai da su matakai da ƙaramar na'urar lissafi za ta iya bi. Littafinsa na 1979 domin masu kalkuleta ne. Na 1991, mai suna Astronomical Algorithms, ya zama wa masu rubuta manhajar falaki abin da ba a rabuwa da shi. Na biyu motsin duniyoyi ne. A ƙarshen shekarun 1980, Pierre Bretagnon da Gérard Francou na ofishin lissafin falaki a Paris suka wallafa tsarin da ake kira VSOP87: dogayen jerin alƙaluma waɗanda, in aka ba su kwanan wata, za su faɗi inda Zara ko Mushtari ko Zuhal suke. Ga duniyoyin da ke kusa da rana, tsarin yana riƙe daidaitonsa har shekara 4,000 gaba da baya.

Na uku taurarin kansu. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Hipparcos a 1989, kuma a 1997 aka fitar da kundinsa mai taurari wajen 118,000, an auna su da daidaiton da ba a taɓa samu daga doron ƙasa ba. A 2000 aka bi shi da kundin Tycho-2 mai taurari miliyan biyu da rabi.

Labarin Tycho-2 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Sanin inda tauraro yake yau bai isa ba. Ana so a san inda ya dosa, domin taurari ma suna tafiya, sannu ƙwarai. Wannan kuwa sai an gwada awon yau da tsohon awo. Tun a 1887 wani taro a Paris ya ƙulla aikin ɗaukar hoton sama gaba ɗaya a kan farantan gilashi, aikin da aka sa wa suna Carte du Ciel. Cibiyoyin kallon taurari kusan ashirin suka raba sama tsakaninsu, aka ɗauki faranti sama da 22,000. Auna ɗigogin da ke kan farantan ya faɗa hannun ma'aikata masu ƙaramin albashi, galibinsu mata. A Batikan, mata huɗu masu hidimar coci su kaɗai suka auna taurari kusan rabin miliyan. Taswirar ba ta taɓa kammaluwa ba, kundin alƙaluman ma sai a 1964 aka gama buga shi, kuma an daɗe ana kawo aikin a matsayin misalin wahalar banza. Amma da aka shigar da alƙaluman cikin kwamfuta a shekarun 1990, aka jera su da awon Hipparcos, sai ga tazarar kusan shekara ɗari ta bayyana tafiyar miliyoyin taurari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk waɗannan a buɗe suke, kowa na iya samu. Abin da ke kulle shi ne kayan aikin. Manhajoji irin su TheSky da RedShift da Starry Night sun yi fice a shekarun 1990, kuma ba a raina ingancinsu, amma na sayarwa ne, rubutun cikinsu sirrin kamfani. In sun nuna wata a wani wuri, mai amfani ba shi da hanyar sanin wace ƙa'ida aka bi, balle ya gyara.

A wani ɓangaren kuma wata tafiya ta riga ta kankama. Richard Stallman ya kafa shirin GNU a 1983, ya fitar da lasisin GPL a 1989. Sharaɗin lasisin gajere ne: kowa na iya amfani da manhaja, ya karanta rubutunta, ya canza, ya rarraba, amma wanda ya rarraba abin da ya canza dole ya bar nasa rubutun a buɗe shi ma. Da Ulugh Beg zai ji wannan sharaɗi, da wuya ya ga baƙon abu a ciki.

Shekarar 2001

Cikin shekara guda manhajoji uku suka ɓullo, kowacce daga hannun mutum ɗaya. Chris Laurel ya fara Celestia, wadda ke ɗauke mai kallo daga doron ƙasa ta kai shi yawo tsakanin duniyoyi. Jason Harris, masanin taurari a Amurka, ya fara KStars domin masu amfani da Linux. Fabien Chéreau, matashi Bafaranshe mai karatun injiniyancin kwamfuta, ya fara Stellarium. Haɗuwar ba ta rasa dalili: kundin Hipparcos ya fito, wasannin kwamfuta sun karya farashin na'urorin zana hoto mai motsi, dandalin SourceForge kuma, wanda aka buɗe a 1999, ya ba baƙin juna wurin yin aiki tare kyauta. A Suwizalan, Patrick Chevalley yana nasa aikin a kan wata manhajar taswira da ya raɗa wa suna Cartes du Ciel, kusan sunan tsohon aikin farantan gilashi.

Abin da ya bambanta Stellarium tun farko shi ne ta damu da yadda ido ke ganin sama. Sauran taswirori ɗigogi ne da layuka a kan baƙin allo. Ita kuwa ta sa ƙasa da itatuwa a gefen sama, ta sa hasken asuba da na magariba, ta sa taurari suna ƙyaftawa, ta dusashe ƙananansu in wata ya cika. Wasu na iya ɗaukar wannan ado ne kawai, amma shi ya kai ta azuzuwa da gidajen da taswirar ƙwararru ba za ta taɓa shiga ba. Daga baya aka koya mata lanƙwasa hoto domin a haska shi cikin kubba, ko da ta hanyar kumburarren madubi da majigi na ofis. Makarantar da ba ta isa ta yi mafarkin na'urar Zeiss ba sai ga ta da ɗakin taurari na tanti.

Kyau kaɗai ba ya gamsar da mai bincike. Da ragamar aikin ta koma hannun wasu, musamman Alexander Wolf na garin Barnaul a Rasha da Georg Zotti na Vienna, sai hankali ya karkata ga daidaito. Zotti mai nazarin alaƙar tsofaffin gine-gine da sama ne, yana bukatar sanin inda rana ta fito shekara dubu biyar da suka wuce, ba kusa da wurin ba. Aka sa sabon lissafin layin duniya mai riƙe dogon zamani, aka kuma ba mai amfani damar ɗora jadawalin hukumar NASA mai suna DE431, wanda ya faro daga wajen shekara 13,000 kafin Miladiyya ya kai wajen 17,000 bayanta.

A nan ne amfanin buɗewa ya fi fitowa, kuma zazzaɓin rana ne ke nuna shi. Duniya ba agogo ce mai gaskiya ba. Jan da wata ke yi wa tekuna yana rage saurin juyawarta kaɗan-kaɗan, kuma ragin ba ya tafiya bai ɗaya. A kwana ɗaya ba a ganin komai, amma in ƙarnoni suka taru sai ya zama sa'o'i. Allunan yumɓu na Babila sun rubuta cewa rana ta yi cikakken zazzaɓi a birnin ranar 15 ga Afrilu, shekara ta 136 kafin Miladiyya. In aka yi lissafin kamar saurin duniya bai taɓa canzawa ba, inuwar watan can yammacin tekun Bahar Rum take faɗawa, kusan digiri 50 daga Babila, wato kuskuren fiye da sa'a uku. Gyaran wannan tazara masana ba su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya ba, domin daga irin waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce ake ciro ta. Stellarium ba ta ɓoye saɓanin ba. Ta jera ƙa'idoji fiye da ashirin, kowacce da sunan masu ita, ta bar mai bincike ya zaɓa, kuma wanda ya yi shakka yana iya buɗe rubutun ya ga yadda aka shigar da ita. Manhajar da ta zaɓa wa mutum ɗaya a ɓoye za ta fi sauƙin amfani, amma za ta bar shi yana zaton tabbas a inda babu.

Sama ta kowa, sunaye na kowa

Gungun taurari 88 da ke cikin littattafan makaranta ƙungiyar masana falaki ta duniya ce ta amince da su a 1922, aka shata iyakokinsu a 1930. Yawancinsu gadon Girkawa ne, sauran kuma Turawa matafiya teku suka ƙirƙira. Tsari ne mai amfani, amma ba shi kaɗai ɗan'adam ya taɓa gani a sama ba. Stellarium ta ware wani sashe inda ake canza wa taurari sunaye da zane: na Sinawa, na tsohuwar Masar, na Maori, na Inuit, na Navajo, na Larabawa bisa littafin as-Sufi, da manzilolin wata 28. Ba wani kamfani ya aika ma'aikata suka tattaro su ba. Malamai da masu bincike da 'ya'yan al'ummomin ne suka rubuta suka miƙa, domin abin da ake bukata bai wuce jerin sunaye, da lambar kowane tauraro a kundi, da bayanin inda aka samo ilimin ba.

Manzilolin nan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Su ne taurarin da malamai da manoma ke ƙirga shekara da su, kowanne kwana 13, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa. Da yawa sun san sunayen da abin da kowanne ke zuwa da shi na ruwa ko iska, ba tare da sun taɓa ganin tauraron da ake nufi ba. A manhajar ana iya nuna shi, a kuma ga ranar da yake fara ɓullowa gabas kafin fitowar rana.

Sai maganar jinjirin wata, wadda ke tasowa kowace shekara gab da azumi da salla. Manhajar tana faɗin sa'ar da wata ya haɗu da rana, da tsayinsa daga ƙasa lokacin faɗuwarta, da mintocin da zai yi kafin ya bi ta. Tun shekarun 1930 André Danjon na Faransa ya lura cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa. Saboda haka lissafi yana da ƙarfi wajen kore abin da ba zai yiwu ba, kamar a ce an ga wata a yammacin da ya riga rana faɗuwa, yana kuma nuna wa masu duba inda za su kafa ido. Amma bai san hazon hunturu ba, bai san ƙurar gari ko kaifin idon mai kallo ba. Jinjirin da ke kan allo zane ne. Hukuncin ko an gani ko ba a gani ba yana hannun malamai, a Najeriya kuma kwamitin ganin wata da fadar Sarkin Musulmi. Wanda ya ɗauko hoton allo ya ce ga hujja ya ɗora wa manhajar kayan da ba nata ba.

Ɗaukar hoton abin da ido bai gani

Nuna sama rabin labarin ne. Ɗaya rabin shi ne kama haskenta. John William Draper ya ɗauki hoton wata a 1840, aka ɗauki na Vega a Harvard a 1850, kuma a 1883 Andrew Common a Ingila ya ɗauki gajimaren Orion, inda taurarin da ido bai iya gani ta cikin madubin hangen nesa suka fito a faranti. Daga ranar aka gane cewa kyamara na iya tara haske, abin da ido ba ya yi.

Wahalar biyu ce. Sama tana juyawa digiri 15 kowace sa'a, don haka dole madubi ya bi tauraro ba tare da kaucewa ba, in ba haka ba ɗigo ya zama layi. Sannan hasken da ake nema rauni gare shi, yana nutsewa cikin dusar da na'urar kanta ke haifarwa. Na'urar kama haske ta CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙira a 1969, ta kawo hanya: maimakon hoto ɗaya mai tsawo, a ɗauki gajeru da yawa a jibga su. Hasken gaske yana wuri ɗaya a kowane hoto, dusa kuwa tana yawo, saboda haka jibgawa tana wanke ta. Sai dai tana da rowa. Hoto 4 suna ninka tsabta sau biyu, amma wanda ke son ninki goma sai ya ɗauki 100. Ana kuma ɗaukar wasu hotunan da murfi a rufe domin a cire zafin na'ura, da wasu na fili mai haske bai ɗaya domin a cire tabon ƙura. Wannan duka aikin manhaja ne.

Abin da ya sa aikin ya yiwu tsakanin mutanen da ba su san juna ba shi ne yarjejeniya a kan harshe. A 1979 masana daga cibiyoyi biyu na Amurka suka daidaita a kan tsarin ajiye hoto mai suna FITS, aka wallafa shi a 1981. Kowane fayil yana farawa da bayani cikin rubutu na fili, layi-layi, kowane layi harafi 80, gadon katunan da ake hudawa a ciyar da tsofaffin kwamfutoci. Ƙa'idarsa ita ce duk fayil ɗin da ya taɓa zama halattacce ba za a taɓa soke shi ba. Saboda wannan alkawari ne ɗakin karatu na Batikan ya zaɓi FITS domin adana hotunan tsofaffin rubuce-rubucensa.

Na'urori ma sun bukaci harshe. Kowane kamfani da yadda kyamararsa da ƙafar madubinsa ke karɓar umarni. Masu Windows sun sami tsarin ASCOM tun ƙarshen shekarun 1990. A 2003 Elwood Downey, marubucin tsohuwar manhajar XEphem, ya tsara INDI, inda kowace na'ura ke bayyana kanta da abin da take iyawa, umarni kuma ya bi ta waya ko intanet. Jasem Mutlaq na Kuwait ya rungumi tsarin ya gina shi cikin KStars, ya ƙara mata sashen Ekos, mai juya madubi, ya daidaita kaifin hoto, ya bi tauraro, ya yi ta ɗauka har asuba. Da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta fito a 2012, sai ya zama ana ɗaure ta a jikin madubi a tsakar gida, mai ita yana ɗaki. PHD2 tana gadin tauraro guda tana gyara kaucewar madubi. Siril, wadda François Meyer ya fara, Vincent Hourdin ya farfaɗo da ita a 2012, Cyril Richard da wasu suka haɓaka, ita ke tacewa da jibgawa; sunanta ma ishara ce ga IRIS ta Christian Buil, wadda kyauta ce amma rubutunta a rufe.

Mafi ban sha'awa a cikinsu ita ce Astrometry.net, wadda Dustin Lang da David Hogg da abokan aikinsu suka bayyana a 2010. A ba ta hoton taurari ba tare da wani bayani ba, ta ɗauki taurari huɗu-huɗu, ta mai da siffarsu lamba, ta nemi mai kama da ita a kundi, ta faɗi wane yanki na sama ne. Da ita madubin gida ke gane inda ya dosa. Lang da Hogg sun gwada ta a kan tauraro mai wutsiya Holmes, wanda ya yi wata irin walƙiya a watan Oktoban 2007. Suka tattaro hotunansa da mutane barkatai suka watsa a intanet, manhajar ta gane fiye da dubu daga ciki, kuma daga waɗannan suka fitar da hanyar da yake bi a kewayen rana, ta zo kusa ƙwarai da wadda ƙwararru suka lissafa. Masu hotunan ba su san suna auna komai ba.

Masu riƙon aikin

Kyauta ga mai amfani ba ta nufin babu wanda ya biya. Waɗannan manhajoji miliyoyi ke saukewa, amma masu ɗauke da nauyinsu na yau da kullum ba su da yawa, galibi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Wasu sun nemi mafita ta kasuwanci: Chéreau yana da kamfanin da ke yin Stellarium ta wayar hannu, wadda cikakkiyarta ta kuɗi ce, Mutlaq kuma yana sayar da na'urar StellarMate da aka gina a kan KStars da INDI. Celestia ta yi shekaru kusan a kwance bayan wanda ya fara ta ya koma wasu ayyuka, sai da wasu suka ɗauki rubutun suka ci gaba, abin da ba zai yiwu ba da a kulle yake. Stellarium kanta ta yi shekara 21 lambar fitowarta na farawa da sifiri. Sai a watan Oktoban 2022 masu ita suka yarda su kira ta 1.0.

Kafin nan kundin da aka gina ta a kai ya riga ya tsufa. Tauraron ɗan'adam Gaia, magajin Hipparcos, wanda aka harba a Disambar 2013, ya auna taurari kusan biliyan biyu, kuma kundinsa na 2022 a buɗe yake ga kowa. An kashe na'urorinsa a watan Maris na 2025 bayan iskar da yake juyawa da ita ta kusa ƙarewa. A shekarar ce Stellarium ta sauya kundin taurarinta zuwa awon Gaia, ta riƙe na Hipparcos domin taurari mafiya haske, waɗanda suka fi ƙarfin idon sabuwar na'urar.